SOYAYYEN DANKALI A LEDA: ABIN DA DOKA KE NEMA DAGA MAI SANA'A A AREWACIN YOBE

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar motar Nguru ko ta Gashuwa da rana tsaka, ya san ba a barin matafiyi ya zauna da baki haka nan. Kafin direba ya gama lodi, yara sun kewaye mota da farantai, wannan da gyaɗa, wancan da cincin, wani kuma da dabino ko aya. A 'yan shekarun nan an sami baƙo a cikin farantan, watau soyayyen dankali mai ƙaras-ƙaras da ake liƙewa a leda. Wani yankakken dankali ne siri-siri aka soya, wani kuwa garin dankali aka kwaɓa da fulawa aka gasa shi kamar biskit. Akwai wanda manyan masana'antun Ikko da Kano ke yi, akwai kuma wanda mata da samari ke yi a cikin gida su ba 'yan tireda sari. Daga waɗannan garuruwa biyu ne kayan kan bi 'yan kasuwa zuwa Kumagannam da sauran garuruwan Ƙaramar Hukumar Yusufari, har bakin iyakar Jamhuriyar Nijar.

Sana'a ce mai kyau, ba ta kuwa bukatar jari mai yawa. Amma akwai abu guda da ya raba ta da sana'ar mai ƙosai ko mai waina, shi ne kuma dalilin wannan bayani. Mai sayen ƙosai yana tsaye ake soyawa, yana ganin launin man, yana ganin hannun mai suya, in kuwa cikinsa ya ɓaci ya san ƙofar gidan da zai kai kuka. Amma da zarar an liƙe abinci a leda ya hau mota, to, idon mai saye ya daina aiki. Yaron da ya sayi leda guda a Kumagannam bai san wanda ya soya ba, bai san ranar da aka soya ba, bai kuma san irin man da aka yi amfani da shi ba. Abin da ya rage masa kawai shi ne rubutun da ke jikin leda, da lambar hukuma wadda ke shaida cewa wani ya je ya duba a madadinsa.

DAGA DUBA-GARI ZUWA NAFDAC

Sa ido a kan abincin sayarwa ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Dattawa suna tune da zamanin En'e, sa'ad da duba-gari kan shiga gida-gida yana leƙa randa da kwata, ya bi mahauta da rumfunan masu tuwo, wanda aka kama da ƙazanta kuwa ya sha tara. Har gobe tsarin mulkin ƙasa na 1999 ya bar wa ƙananan hukumomi ikon kula da gidajen abinci da gidajen burodi da sauran wuraren da ake sayar wa jama'a abin ci. Amma ikon duba-gari a garinsa ya tsaya, abincin leda kuwa ba ya tsayawa a gari ɗaya.

Saboda haka ne Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar abinci da magunguna a 1974. Sai dai ba a ɗauki al'amarin da zafi ba sai da aka yi babbar asara. A 1990 yara fiye da 100 suka mutu a Jos da Badun bayan sun sha maganin zazzaɓi na ruwa wanda aka haɗa da wani sinadari mai kashe ƙoda. Wannan yana cikin abubuwan da suka sa aka kafa Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna, watau NAFDAC, bisa doka mai lamba 15 ta 1993. A wannan shekara kuma aka yi doka mai lamba 19, wadda bayan gyaran da aka yi mata daga baya ta hana a sarrafa, ko a shigo da, ko a yi talla, ko a sayar da abincin da aka sarrafa aka ƙunshe sai an yi masa rajista. Jama'a sun fi sanin hukumar a zamanin marigayiya Farfesa Dora Akunyili, wadda ta shugabance ta daga 2001 zuwa 2008, ta yi yaƙi da jabun magunguna da masu zuba sinadarin burometi a burodi.

Abin lura a nan shi ne, dokar ba ta ce sai babban kamfani ba. Leda ɗari a rana da leda dubu ɗari duk ɗaya ne a wurinta, domin cikin da zai ci ɗaya ne.

ABIN DA YA FARU A KANO

Wanda ke ganin wannan magana ta 'yan boko ce kawai, to, ya tuna da abin da ya auku a Kano a watan Maris na 2021. Mutane suka riƙa zuwa asibitoci da amai da jiri da fitsarin jini, bayan sun sha lemon da aka haɗa da garin ɗanɗano da ɗan tsami da aka sayo a kasuwa. Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano ta ba da sanarwar cewa mutum 10 sun rasu, an kuma kwantar da wajen 400, wasunsu da ciwon ƙoda. Binciken da aka yi ya nuna cewa a cikin kayan akwai waɗanda wa'adinsu ya ƙare, akwai kuma wani sinadari dabam da aka sayar da sunan ɗan tsami.

Masu haɗa lemon nan ba su yi niyyar cutar kowa ba, neman abinci suka fita. Abin da ya ci su shi ne sayen kayan haɗi a buhun da ba su san asalinsa ba, don ya fi araha. Mai soya dankali ma yana sayen gishiri da yaji da garin ɗanɗano da launi a irin waɗannan kasuwanni. Abin da ya ci Doma kuwa, ba ya barin Awe.

Ba a Nijeriya kaɗai ake fama ba. A ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015, mutum miliyan 600 ne ke kamuwa da rashin lafiya kowace shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 kuma ke mutuwa, 125,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Nahiyar Afirka ce ta fi kowace jin jiki in aka yi la'akari da yawan jama'arta.

INDA HAƊARIN YAKE

Mutum zai ce, abin da aka soya cikin tafasasshen mai wace cuta ce za ta rage a cikinsa? Gaskiya ne wuta tana kashe ƙwayoyin cuta. Amma akwai abubuwa biyar da wuta ba ta magance su, wani ma ita ce ke haifar da shi.

Na farko shi ne dankalin kansa. Yawancin dankalin Turawa da ake ci a Nijeriya daga Jihar Filato yake fitowa, wajen Bokkos da Mangu da Barikin Ladi, inda ake da sanyi. In ya iso ƙasar Bade ko ta Nguru, inda zafi kan wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, ba ya jimawa sai ya fara tsiro, wanda ya sha rana kuma bayansa ya yi kore. Wannan kore da tsiron alama ce ta wata guba da ake kira solanin, mai sa amai da zawo da ciwon kai, kuma suya ba ta kashe ta. Irin wannan dankali shi ne ake karya wa kuɗi da yamma a kasuwa, shi ne kuma ke jan hankalin mai ƙaramin jari. Araha dai ba ta ado. Dankalin Hausa, wanda ake samu a fadamunmu, ba shi da wannan guba, amma shi ma wanda ƙwaro ya huda ko ya yi baƙin tabo mai ɗaci ba na sayarwa ba ne.

Na biyu shi ne mai. Ƙasar nan ƙasar gyaɗa ce, domin gyaɗa da fatu na cikin abin da ya jawo hanyar jirgin ƙasa daga Kano har Nguru a 1930. Amma gyaɗar da aka ajiye da danshi tana yin fumfuna, fumfunar kuma tana fitar da gubar afalatoksin mai lalata hanta. An gano wannan guba ne bayan 1960, sa'ad da talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila saboda cin tunkuzar gyaɗa. A 2004 kuma ta kashe mutum 125 a ƙasar Kenya ta hanyar masara. Man da ba a tace shi sosai ba yana iya ɗauke da ita, haka nan ƙuli-ƙulin da ake dakawa cikin yaji. Ban da wannan, man da aka yi ta maimaita suya da shi har ya yi baƙi yana kumfa, ya riga ya lalace, ƙara masa sabo kuwa ba ya gyara shi. Akwai kuma daskararren man da ake sarrafawa a masana'anta, mai ɗauke da wani irin kitse da ke toshe hanyoyin jini. Ƙa'idar NAFDAC ta mai da kitse ta 2022 ta hana irin wannan kitse ya wuce giram 2 a cikin kowane giram 100 na man da ke cikin abinci. Hanya mafi sauƙi ga mai sana'a ita ce ya sayi mai mai rajista, wanda ke da tambarin ido a jikinsa, shaidar an ƙara masa sinadarin bitamin A.

Na uku ita ce wutar kanta. A watan Afrilu na 2002 masana a ƙasar Suwidin suka bayyana cewa in aka soya ko aka gasa abinci mai sitaci da zafin da ya wuce digiri 120, wani sinadari da ake kira akirilamaid yana samuwa a cikinsa, soyayyen dankali kuwa yana cikin waɗanda suka fi tara shi. Tun 1994 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo ciwon daji. Tarayyar Turai ta kafa masa ƙa'ida wadda ta fara aiki a 2018. Maganinsa ba ya cin kuɗi. A jiƙa yankakken dankali a ruwa kafin suya, a tsane shi, kada zafin mai ya wuce digiri 175, a kwashe shi yana ruwan ɗorawa kafin ya yi ja, wanda ya ƙone kuwa a tsince a zubar.

Na huɗu shi ne gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, watau kimanin cikin ƙaramin cokalin shayi, yaro kuma ƙasa da haka. Yawan gishiri yana kawo hawan jini, hawan jini kuma yana cin ƙoda. An daɗe ana kuka da yawan ciwon ƙoda a Gashuwa da kewayenta, har Gwamnatin Jihar Yobe ta sa masana su bincika. Jama'ar da ke ɗauke da irin wannan nauyi ba su kamaci a ƙara musu da gishiri barkatai da sinadaran da ba a san asalinsu ba.

Na biyar shi ne abin da ke faruwa bayan suya. A nan ne hannu da ƙuda da ƙura ke mayar da cutar da wuta ta kashe. Shanya soyayyen dankali a kan tsohuwar jarida, hura leda da baki don ta buɗe, liƙe ta da kyandir, zuba shi da sauran ɗumi har ya yi gumi a ciki, duk hanyoyin ɓarna ne. Sa'an nan ledar da ake gani ta cikinta, in ta yini a rana bisa faranti, man da ke ciki yana juyawa da sauri, ya yi wari yana maƙaƙi a wuya. Wa'adin da ya dace da kanti mai sanyi a Abuja ba lalle ne ya dace da kasuwar Kumagannam cikin bazara ba.

YADDA AKE SAMUN LAMBA

Mataki na farko shi ne yi wa sana'ar rajistar suna a Hukumar Rajistar Kamfanoni, watau CAC, domin NAFDAC ba ta hulɗa da wanda ba shi da suna a takarda. Ana kuma neman shaidar sunan da za a sa wa kayan, don kada wani ya ɗauka daga baya.

Na biyu shi ne wurin aiki. A da mutane kan ji tsoro, suna zaton sai an gina masana'anta. Amma hukumar ta sassauta wa ƙananan masu sana'a da ke yin abinci marar saurin lalacewa irin wannan. Abin da ake nema shi ne wuri keɓaɓɓe wanda ba a kwana a ciki, ba a girkin gida a ciki, nesa da masai da bola da turken dabbobi. A yi masa daɓe mai wankuwa, a sa raga a tagogi, a tanadi ruwa mai tsabta da wurin wanke hannu, a kuma raba inda ɗanyen kaya yake da inda ake zuba soyayye. Masu aiki su rufe kai, su sa rigar aiki, a yi musu gwajin lafiya a asibiti a ajiye takardun, haka kuma takardar feshin ƙwari.

Na uku, a cika takardar nema ta hanyar intanet a shafin hukumar mai suna NAPAMS, a biya kuɗin da aka ƙayyade ta hanyar da gwamnati ta tsara, ba a hannun ɗan kamasho ba. Daga nan jami'ai za su zo su duba wurin, su ɗebi samfur su kai ɗakin gwaji, irin wanda hukumar ke da shi a Kaduna da Oshodi ta Ikko, su kuma duba zanen takardar da za a manna. In komai ya yi daidai sai a ba da lamba, wadda ke aiki shekara biyar kafin a sabunta. A ƙarƙashin Farfesa Mojisola Adeyeye, wadda aka naɗa a 2017, an mayar da rajistar ƙananan masu sana'a kusa da jihohi, a 2020 kuma aka yi musu rangwamen kashi 80 cikin ɗari na kuɗin rajista na wani ɗan lokaci saboda annobar korona.

A kula, lamba ta kaya ɗaya ce, ta wuri ɗaya. Aron lambar maƙwabci, ko kwafo ta daga jikin wata leda, laifi ne da ya fi rashin lambar muni, yana kuma jawo ƙwace kaya da rufe wuri da tara ko ɗauri.

ABIN DA ZA A RUBUTA A JIKIN LEDA

Ƙa'idar hukumar ta 2022 a kan abincin da aka ƙunshe ta fayyace abin da tilas ya fito: sunan abincin na gaskiya, jerin kayan haɗi, daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, nauyin abin da ke ciki, suna da cikakken adireshin mai yi, ranar da aka yi da ranar da wa'adi zai ƙare, yadda za a ajiye, bayanin abubuwan gina jiki, lambar rajista, da lambar zubi. Tilas kuma a ambaci abubuwan da jikin wasu ba ya karɓa, irin su gyaɗa da alkama da madara da ƙwai. Da Turanci ake rubutawa, amma ba a hana a ƙara da Hausa ko Barbarci ba, hasali ma wannan shi ne zai amfani mai saye a ƙauye.

Lambar zubi ita ce mutane suka fi rainawa, alhali kuwa ita ce garkuwar mai sana'a. Mu ɗauka wata mata a Nguru tana suya sau uku a mako, kowace suya ta ba ta lamba, ta rubuta a littafi ranar, da inda ta sayi mai da dankali, da shagunan da ta kai wa. Ran da aka kawo ƙara, za ta san suyar da ta sami matsala, ta janye ita kaɗai, ta kuma nuna inda man ya fito. Wadda ba ta da littafi kuwa, duk kayanta ne za su tafi, har da sunanta.

INDA GIZO KE SAƘA

Ba za a ɓoye ba, akwai wahala. Ofishin hukumar na jiha yana Damaturu, tafiyar sa'o'i daga Gashuwa, balle daga Nguru ko Kumagannam. Takardun da Turanci suke, cikawar kuma sai da intanet. Matar da duk jarinta bai wuce buhun dankali da jarkar mai ba, in aka ce ta ware ɗaki ta yi daɓe ta biya kuɗin gwaji, sai ta ga gara ta ci gaba a ɓoye. Doka kuwa in ta fi ƙarfin talaka, ba ta hana shi sana'a, sai dai ta kore shi daga idon hukuma, nan ne kuma cuta ke samun maɓoya.

Mafita ita ce haɗa kai. Mata goma da ba za su iya gina ɗaki goma ba, za su iya kafa ƙungiya su yi rajistar suna ɗaya, su gyara ɗaki ɗaya, su sayi injin liƙe leda da ma'aunin zafi, su riƙa sarin mai daga tushe. Ƙananan hukumomin Nguru da Bade da Karasuwa da Yusufari suna iya ba da wurin, jami'ansu na tsabtar muhalli su riƙa koyarwa kafin su kai ga kamu. Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, tana da malaman kimiyya da aikin gona a ƙofar gida, za ta iya taimakawa wajen gwada kwana nawa kaya ke jurewa a irin zafinmu. Ita kuma NAFDAC ya kyautu ta riƙa fitowa rangadi ranar kasuwa, ta yi bayani da harshen da jama'a ke ji.

Ribar ba ta tsaya ga kauce wa tara ba. Manyan kantuna a Kano da Maiduguri da Abuja ba su karɓar abincin da ba shi da lamba. Mai lamba kasuwarsa ƙasa ce baki ɗaya, marar lamba kuwa iyakarsa tasha.

Saura mai tireda da mai saye. Mai tireda ya sani cewa doka ta hau kan mai sayarwa kamar yadda ta hau kan mai yi, ko da daga ƙetaren iyaka kayan suka shigo, saboda haka ya duba kafin ya sara, ya kuma ajiye a inuwa. Uba ko uwa kuma, kafin a miƙa wa yaro leda, a juya bayanta a ga suna da adireshi da kwanan wata. In babu, a mayar. Ran da masu saye suka fara mayarwa, ran nan masu yi za su fara rubutawa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.